Yadda Za a Kafa Asusun Tsaro da Gyaran Unguwa a Kaduna, Ya Kuma Ɗore

Da wuya ka sami unguwa a Kaduna da ba a taɓa gwada wannan ba. A yi sata biyu ko uku a jere, ko 'yan sara-suka su tare yaro a bakin layi su ƙwace masa waya, sai a kira taro, a yanka wa kowane gida abin da zai riƙa bayarwa, a ɗauki 'yan sintiri. Watan farko kowa ya biya. Zuwa wata na uku an fara jin "a dawo gobe". Kafin shekara ta zagayo masu gadi sun watse saboda bashin albashi, maƙwabta kuma sun koma zargin juna da cin kuɗi. Niyya ba ta yi ƙaranci ba. Tsarin ne ba a gina shi yadda zai jure ba.

A wasu ƙasashe doka ce ke riƙe da irin wannan tsari. A 1970 'yan kasuwar wani yanki na Toronto a Kanada suka nemi hukuma ta ɗora wa kowa da ke yankin ƙarin kuɗi, a kashe shi a yankin kaɗai, saboda sun gaji da yadda 'yan kaɗan ke biya kowa yana amfana. Daga nan abin ya bazu. A New Orleans ta Amurka akwai unguwanni da dama da majalisar jiha ta ba izinin kafa gundumar tsaro: mazauna su kaɗa ƙuri'a a kan adadin da kowane gida zai biya, hukumar birni ta karɓa tare da harajin gida, ta miƙa wa kwamitin unguwa ya ɗauki ƙarin sintiri. Tsakiyar birnin Cape Town a Afirka ta Kudu yana da nasa tun 2000. A Ingila dokar 2003 ta ba da dama, da sharaɗin kada wa'adi ya wuce shekara 5 ba a sake ƙuri'a ba.

Mu ba mu da wannan ƙarfin. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje don harajin gida, kuma tun dokar haraji ta 2016 hukumar KADIRS ce ke tattara kuɗin shigar Jihar Kaduna. Kwamitin unguwa ba hukuma ba ne. Ba zai sa haraji ba, ba zai kulle gidan wanda ya ƙi biya ba, ba zai tare hanya yana karɓar kuɗi ba. Abin da doka ke yi wa mutanen Toronto, a nan yarda ce kawai za ta yi shi. Don haka kowane mataki da ke ƙasa an tsara shi ne don mutum ya ga dalilin biya a wata na goma kamar yadda ya gani a watan farko.

Mataki na farko: ku shata iyaka, ku ƙidaya gidaje

Kada ku ce "unguwarmu" kawai. Rigasa ko Tudun Wada ko Kawo sun fi ƙarfin asusu ɗaya. Ku zaɓi yankin da mutum zai zagaye da ƙafa cikin kamar rabin sa'a, wanda mutanensa suka san juna ko da a fuska, ku faɗi iyakarsa da abin da kowa ya sani: daga kwalbati zuwa makarantar firamare, daga titin kwalta zuwa bakin rafi. A ganina gida 100 zuwa 300 ya fi sauƙin riƙewa. Ƙasa da haka kuɗin ya yi wa kowa nauyi, sama da haka mai karɓa ya zama baƙo a ƙofar mutane.

Sai ku bi gida-gida da littafi. A rubuta lambar gida, mai shi, ko yana ciki ko 'yan haya ne, ɗakuna nawa, shaguna nawa ke jikinsa. A rubuta kangwaye da filayen da ba a gina ba, musamman a sababbin unguwanni irin Millennium City da Ɗanbushiya inda gida ɗaya ke zaune tsakanin kango uku. Su ne maɓoyar ɓata-gari, kuma masu su suna cin ribar tashin farashin fili idan unguwa ta zauna lafiya. Wannan littafi amana ne. Bayanin wane gida ne mai shi ba ya gari ba abin yawo da shi ba ne a WhatsApp.

Mataki na biyu: ku shiga ta ƙofar manya

Kafin taron jama'a, mutum uku ko huɗu su je wajen mai unguwa. Ba umarni za ku kai masa ba: "Ranka ya daɗe, mun zo da shawara ne, muna so ka ɗora mu a hanya." Shi zai kai maganar ga dagaci da hakimi. Daga nan sai limamai, da fastoci idan akwai coci a yankin. A Kaduna wannan ba ƙawa ba ce. Asusun da aka haifa a masallaci kaɗai a layin da ke da Kirista, ko a coci kaɗai a layin da ke da Musulmi, ya ɗauko matsalarsa tun ran gini. A zaɓi wurin taro da kowa zai shiga ba tare da ɗari-ɗari ba, kamar filin makaranta, a kuma kauce wa lokacin Juma'a da safiyar Lahadi.

Ku je wajen DPO na yankinku da takarda a rubuce, ku kuma nemi kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, wanda yake nan tun 1984. Ku sanar da kwamandan KADVS na ƙaramar hukumarku. Ita ce rundunar sintiri da jiha ta kafa da doka a 2016. Ɗan siyasa kuwa, a karɓi gudummawarsa idan ya bayar, a rubuta ta a littafi kamar ta kowa, amma kada a ba shi kujera. Ranar da aka ce masu gadin unguwa yaran wane ne, rabin gidaje sun daina biya.

Mataki na uku: ku tambayi mutane abin da ke damunsu

Maza da ke zaman majalisa sukan ɗauka sun san matsalar unguwa. Matan da ke wuni a gida sun fi su sanin wane kango ake shan ƙwaya a ciki, da wane lungu 'yan mata ke tsoron bi idan an tashi daga Islamiyya. A sa mata biyu ko uku su zagaya su ji daga bakinsu. A tambayi masu shago, masu shayi da ke kaiwa dare, da 'yan Keke Napep da ke kwana da kekensu a waje.

Sau da yawa amsar za ta ba ku mamaki. Wani layin fitila yake buƙata fiye da mai gadi. A Rafin Guza ko sassan Kabala da ke kusa da Kogin Kaduna, mutum zai fi saurin zaro kuɗi idan ya ji za a yashe magudanar ruwa kafin Agusta. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a kira shi asusun tsaro kawai. Tsaro idan ya yi kyau ba a ganinsa; wata shida ba sata, sai mutane su fara tambayar me suke biya. Amma fitilar da ke ci a bakin layi da kwatar da ruwa ke gudu a cikinta kullum suna gaban idon mai biya.

Mataki na huɗu: kasafi kafin yanka kuɗi

Nan ne yawancin unguwanni ke yin abin a baibai. Wani ya miƙe a taro ya ce "kowane gida dubu ɗaya", a yi kabbara, sannan a je a ga kuɗin bai isa albashin mutum uku ba. A fara da lissafin abin da za a kashe.

Ga misali, don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce yanki mai gida 200 yana buƙatar masu sintiri 6. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, kuma ko da dokar ba ta ɗaure ƙaramin mai ɗaukar aiki irinku ba, shi ne ma'aunin adalci ga wanda zai kwana a tsaye cikin hunturu. Albashi ya kama 420,000 a wata. A ƙara 60,000 na tocila, batir, usur, rigar ruwa, takalmi da katin waya. A ware 120,000 na gyara da ajiyar ko-ta-kwana. Jimla 600,000. Kada a raba wannan da 200. Wasu za a yafe masu, wasu za su yi jinkiri, wasu ba za su taɓa biya ba. A raba da 150, sai ya ba da 4,000. Idan jama'a suka ce ya yi yawa, a rage aikin a fili, a ce masu sintiri 4 za a ɗauka, kowa ya san abin da ya saya. Kada a bar kasafin yadda yake a dogara ga "Allah zai kawo".

Sai rabon nauyi, wanda shi ne ya fi jawo rigima. Bai dace gidan mai ɗaki biyu ya biya daidai da gidan haya mai ɗaki goma sha biyar ba. Hanyar da ta fi sauƙin fahimta ita ce ta kaso: gidan iyali ɗaya kaso ɗaya, gidan haya a lissafa ta yawan ɗakuna ko iyalai, ƙaramin shago rabin kaso, gidan burodi ko makarantar kuɗi ko masana'antar ruwan leda kaso biyu ko uku, kango da fili rabin kaso. A rubuta ƙa'idar kafin a fara ambaton sunan kowa, don kada a ce an auna wani ne.

Wa zai biya a gidan haya, mai gida ko ɗan haya? Ko a waje ba a haɗu a kan amsa ɗaya ba: a Amurka da Afirka ta Kudu galibi mai kadara ke biya, a Ingila mai kasuwancin da ke cikin ginin. Shawarata a raba gida biyu. Kuɗin sintiri na wata-wata na wanda ke kwana a gidan ne, domin shi ake gadi. Kuɗin aikin da zai daɗe, kamar fitilar sola ko kwalbati, na mai gida ne, domin darajar gidansa ce ke ƙaruwa, kuma ɗan haya yana iya tashi baɗi. Wanda ya biya kuwa yana da ƙuri'a, ko mai gida ne ko ɗan haya.

Zawarawa masu riƙe da marayu, tsofaffi marasa mai taimako, da wanda ciwo ya kwantar, a yafe masu. Mutum uku su san sunayensu, a rubuta yawansu kawai a rahoto. Ba a tozarta mutum a taro don a yafe masa dubu huɗu.

Mataki na biyar: a rubuta yarjejeniya, a sa mata wa'adi

Shafi biyu ko uku sun isa, da Hausa da Turanci. A faɗi iyakar yanki, adadin kaso, abin da za a kashe kuɗin a kai da abin da ba za a kashe ba (ba a ba da rance, ba a yin gudummawar biki ko ta'aziyya daga ciki), yadda ake zaɓen shugabanni, da yadda ake cire su. A bi gida-gida a karɓi sa hannu. A Cape Town ana neman amincewar kashi 60 cikin 100 na masu gidaje kafin a kafa irin wannan a unguwar zama, kuma can doka za ta tilasta wa sauran. Tunda ku ba ku da mai tilastawa, kada ku fara da ƙasa da biyu bisa uku. Idan ba ku samu ba, ku rage yankin zuwa layukan da suka yarda.

A sa wa'adi: shekara ɗaya da farko, sannan a dawo a sake neman yardar mutane. Mutum ya fi sakin jiki da abin da ya san yana da ranar ƙarewa.

Rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ita ce ke ba ku damar buɗe asusun banki da sunan ƙungiya da ƙulla kwangila. Ana buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, kuma banki kan nemi takardar SCUML, wato sashen hukuma da ke yaƙi da halasta kuɗin haram. Abin yana ɗaukar lokaci da kuɗi, don haka a sa shi a kasafin shekarar farko.

Mataki na shida: kuɗi

Kada kuɗin unguwa ya kwana a asusun mutum ɗaya, komai gaskiyarsa. Wannan kariya ce gare shi ma. Kafin rajista ta fito, a buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum uku, ba a cire ko sisi sai da sa hannun biyu. Mai karɓa daban, ma'aji daban, mai binciken littafi daban, kuma kada su fito daga gida ɗaya. A ƙarfafa biya ta tura kuɗi ko ta wajen mai POS. Wanda ya ba da tsaba a ba shi rasit mai lamba nan take.

Kowane wata, kafin ranar 10, a fitar da takarda ɗaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. A manna ta a inda ake taruwa, a tura hotonta da na bayanin banki a zauren WhatsApp na unguwa. A yi haka ko a watan da ba wanda ya tambaya. Ranar da aka tsallake wata ɗaya, ranar aka ba mai neman uzurin ƙin biya abin da yake nema.

Wanda ya ƙi biya fa? Ba a zaginsa, ba a hana shi shiga layi, ba a gaya wa masu gadi su ƙyale gidansa. Dattijo ɗaya da wani da yake jin nauyinsa su same shi shi kaɗai: "Alhaji, ba ƙara muka kawo ba. Mun zo mu ji ko akwai abin da ka gani bai yi maka ba." Sau da yawa akwai ƙorafi na gaske a ƙasa, ko kuma hali ne ya yi tsanani yana jin kunyar faɗa. Wasu kuma ba za su biya ba har abada. Dalilin raba kasafi da 150 ke nan.

Mataki na bakwai: su wa za su yi gadin, kuma ina iyakarsu

Hanya uku ce. Ku ɗauki kamfanin gadi mai lasisi. Hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu, kuma dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, don haka ku nemi ganin lasisin, kada kuma ku yarda da wanda ya yi maku alkawarin makami. Ko ku nemi haɗin gwiwa da KADVS ko 'yan ƙato-da-gora da hukuma ta san da su, ku ɗauki nauyin kayan aiki da alawus ta hanyar shugabanninsu, a rubuce. Ko ku ɗauki matasan unguwa da kanku. Ta ukun ta fi arha, kuma sun san kowane lungu, amma ita ce ta fi buƙatar tantancewa: kowane mutum ya kawo masu tsaya masa biyu masu gida a unguwar, mai unguwa ya sa hannu, a kai sunaye da hotuna ofishin 'yan sanda. Wanda aka sani da shaye-shaye ba a ba shi gora da sunan za a gyara shi.

Aikin mai sintiri shi ne ya gani, ya busa usur, ya tashi mutane, ya kira hukuma. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta yarda farar hula ya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, amma ta wajabta masa miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Ba ɗakin tsare mutane, ba duka don a sa mutum ya amsa laifi, ba aske kai, ba zagaye gari da wanda ake zargi, ba cin tara. Dokar hana azabtarwa ta 2017 tana nan. A watan Maris 2025 a Uromi ta Jihar Edo, 'yan sintiri suka tsayar da matafiya 'yan Arewa, taron jama'a ya kashe mutum 16. Mun yi kuka a kan wannan, kuma ya kamata ya tsaya mana a rai duk lokacin da aka kama baƙo a layinmu da dare. Baƙunci ba laifi ba ne, yare ko addinin mutum ba shaida ba ne. A karanta wa masu sintiri waɗannan ƙa'idoji a gaban mai unguwa, su sa hannu, wanda ya karya a sallame shi ko ɗan waye.

A gane kuma abin da ya fi ƙarfinsu. A unguwannin gefen gari na Chikun da Igabi inda masu garkuwa da mutane ke shigowa da bindigogi, tura matashi da tocila ya tare su kisan kai ne. Can amfanin tsarin shi ne faɗakarwa da wuri: lambobin DPO da na sojojin da ke kusa a wayar kowane mai sintiri, lambar gaggawa ta 112, da siginar da kowane gida ya san ma'anarta. A ajiye littafin dare, a rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa. Shi za ku kai wa DPO idan kuna neman a ƙara maku sintirin mota.

Mataki na takwas: ayyukan gyara

A fara da ƙaramin abu da zai kammalu cikin wata biyu. Fitilun sola a mahaɗar layuka da bakin kangwaye, a ɗaure su sama sosai a kuma yi wa batirin keji. Yashe kwata a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, a kwashe abin da aka fitar a ranar, don idan aka bar shi a bakin hanya ruwan farko zai mayar da shi. Sare ciyawar kangwaye bayan an sanar da masu su. Rubuta lamba a kowane gida, wanda ke taimakon motar asibiti da 'yan kwana-kwana.

Ƙofar ƙarfe a bakin layi tana da farin jini, amma titi na jama'a ne. Ku nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, kafin ku kafa ko ku gina wani abu a kan hanya, in ba haka ba kuna iya wayar gari a rushe shi. Idan an samu izini, a sa lokacin rufewa da kowa ya sani, kuma mai makulli ya kasance a wurin duk dare. Mace mai naƙuda ba za ta jira a je a taso wani daga barci ba. Taransifoma da wayoyin lantarki kuwa kayan kamfanin rarraba wuta ne. Kuna iya gadinsu, amma duk kuɗin da za ku sa a gyaransu a yi shi da takarda tsakaninku da kamfanin.

Mataki na tara: ƙarshen shekara

Wata ɗaya kafin wa'adi ya cika, mutum biyu da ba sa cikin kwamiti su duba littafi da rasit da bayanin banki, su karanta abin da suka gani a gaban jama'a. A kawo littafin dare a kwatanta watannin farko da na ƙarshe. Sannan a yi tambaya uku, a kaɗa ƙuri'a a kan kowace: a ci gaba ko a tsaya, a bar kason yadda yake ko a sauya, su wa za su riƙe. Kada shugaba ko ma'aji ya wuce zango biyu a jere. Wanda zai sauka ya miƙa littafin gidaje, littattafan rasit, makullai da kayan aiki a rubuce a gaban mai unguwa, a kuma je banki a sauya masu sa hannu a cikin makon.